Rajistar kamfani don hayar gidaje ta 'yan kwanaki: nazarin lamarin wani ɗan kasuwa a Legas

Wanda wannan lamari ya shafa ɗan kasuwa ne ɗan asalin Kano da ya haura shekara 20 yana zaune da iyalinsa a Agege, kuma ainihin sana'arsa ita ce fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Arewa. Zan kira shi Alhaji kawai, kamar yadda kowa yake kiransa. Ni ne nake riƙe musu littafin shige da fice tun farkon harkar, saboda haka abin da zan bayyana a nan na gan shi a takardu, wani kuma a gabana aka tattauna shi.

A 2022 Alhaji ya gyara wani fulat mai ɗaki biyu da ya mallaka a Ajao Estate, kusa da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, ya zuba masa gadaje da kujeru da kayan girki, ya fara bayar da shi haya na kwana biyu ko mako guda, irin abin da mutanen Legas suke kira shotlet. Bai sha wahalar neman baƙi ba, domin abokan harkarsa ne na Kano da Kaduna da Sakkwato, masu kwana ɗaya kafin su hau jirgin Dubai ko Sin, da masu zuwa jiran kwantena, da kuma iyalan da suka kawo mara lafiya asibitin koyarwa na Idi-Araba waɗanda suka fi son inda za su girka abincinsu su yi sallarsu a natse. Ƙaninsa, wanda ya gama karatu bai sami aiki ba, shi ne yake karɓar baƙi, ya kuma sa hoton gidan a Airbnb, shafin intanet na neman masauki, kodayake mafi yawan ciniki ta waya da WhatsApp yake zuwa. A wannan mataki abin da suke da shi kawai rajistar sunan kasuwanci ce a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuɗi kuwa asusun Alhaji na kansa suke shiga, su cakuɗe da kuɗin kwantena.

Abin ya sauya ne a tsakiyar 2023, lokacin da suka kama fulat na biyu haya a Opebi, a bene na biyu na wani gini da wasu iyalai suke zaune, kuma ƙanwarsu da ke aure a Zariya ta kawo rabonta na gado ta ce a sa mata a cikin harkar. Yanzu akwai dukiyar mutum uku, akwai ginin da ba nasu ba, akwai maƙwabta a sama da ƙasa, ga kuma baƙin da ba a san su ba suna shigowa ta intanet. Lauyar da Alhaji ya tuntuɓa ta fara ne da tambayarsa abin da yake tsammani takardar sunan kasuwanci take yi masa. Ya ce tana nuna harkar ta halal ce, gwamnati ta san da ita. Ta ce: "Alhaji, ta nuna hakan, amma a idon doka kai da wannan suna mutum ɗaya ne. Idan baƙo ya jawo gobara a Opebi aka kai ƙara, motocinka na dakon kaya da gidanka na Agege duk suna cikin abin da za a iya bi."

Wannan shi ne bambancin da komai ya rataya a kansa. Kamfani, daga ranar da aka yi masa rajista, doka tana ɗaukarsa a matsayin wani mutum dabam da masu shi: yana mallakar dukiya da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara ana kai shi. Ƙa'idar ta samo tushe ne daga shari'ar Salomon da aka yanke a Ingila a 1896, kuma dokar kamfanoni ta Najeriya a kanta ta ginu. Kalmar Limited da ake liƙawa a ƙarshen suna ma'anarta ita ce alhakin mai hannun jari ya tsaya a kan abin da ya rage bai biya ba na hannun jarin da ya ɗauka. Idan ya biya duka, masu bin kamfanin bashi ba su da hanyar isa aljihunsa, sai ta wasu ƙofofi da za mu zo kansu.

Rajistar kanta ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020 ta rage wahalhalu da dama: mutum ɗaya tilo zai iya kafa kamfani mai zaman kansa, mafi ƙarancin jari naira 100,000 ne, hatimin kamfani ya zama na ganin dama, kuma ƙaramin kamfani, wato wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, dukiyarsa kuma ba ta wuce miliyan 60 ba, bai zama dole ya naɗa sakatare ko mai binciken asusu ba. An nemi suna a shafin CAC aka riƙe shi na kwana 60, aka shigar da lambar NIN ta kowa, aka bayyana masu iko da kamfanin kamar yadda doka ta tanada ga duk wanda yake da kashi 5 cikin 100 ko fiye, takardar shaida kuma ta fito da lambar rajista, wato RC, tare da lambar haraji.

Inda aka ɗan ja shi ne wajen yawan jari. Ƙanen ya so a rubuta adadi mai kauri don kamfanin ya yi kwarjini a idon banki, sai lauyar ta tunatar da shi abu biyu: harajin hatimi a lokacin kashi 0.75 cikin 100 ne na jarin da aka rubuta, sannan sabuwar dokar ta ce dole a raba dukkan hannayen jarin ga masu shi tun ranar rajista, wanda ke nufin duk abin da mutum ya ɗauka bai biya ba bashi ne a wuyansa. Wato jarin nuna isa yana faɗaɗa alhakin da aka zo taƙaitawa. Aka tsaya a kan naira miliyan 5, Alhaji kashi 60, ƙanen kashi 25, ƙanwar kashi 15, mazan biyu kuma su zama daraktoci. Alhaji ya biya wani ɓangare na nasa da kayan ɗakin da ya riga ya saya, bayan an yi musu ƙima an rubuta. Rarar kuɗin da ya zuba kuwa aka rubuta ta a matsayin rance marar ruwa, kuma shi da kansa ya nace a fayyace hakan, domin a fikihu rance ba ya jawo riba, riba tana bin jari ne tare da haɗarin asara. Kuɗin ƙanwar duk a hannun jari aka sa su saboda wannan dalili.

Tambaya mai nauyi ta farko ita ce ko za a mayar da gidan Ajao Estate mallakin kamfanin. Alhaji ya ɗauka haka ake yi, tun da harkar ta zama ta kamfani. A ganina shawarar da lauyar ta bayar a nan ita ce mafi daraja a cikin duk abin da aka biya ta dominsa: ta ce kada a yi, ta kawo hujja biyu. Ta farko, a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sauya mallakar fili ko gida yana bukatar amincewar gwamna, kuma a Legas wannan yana tafe da kuɗaɗen amincewa da hatimi da rajista waɗanda ake lissafawa bisa darajar gidan, ga doguwar zirga-zirga a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jihar take. Ta biyu kuma, wadda ta fi muhimmanci, sa gidan a cikin kamfanin daidai yake da ɗaukar kadara mafi tsada a ajiye ta a gaban duk wanda zai kai kamfanin ƙara, sannan a ba ƙane da ƙanwa kashi 40 na gidan da ba da kuɗinsu aka saya ba. Saboda haka gidan ya zauna da sunan Alhaji, kamfanin ya karɓe shi haya a rubuce kamar kowane ɗan haya, yana biyansa kuɗin shekara, yana cire harajin da ake riƙewa na kashi 10 cikin 100 ya miƙa wa hukumar harajin jiha. Alhaji ya yi dariya ranar da ya sa hannu sau biyu a takarda ɗaya, a matsayin mai gida da kuma a madadin ɗan haya, har aka ce ƙanen ya sa hannu a ɓangaren kamfanin don abin ya fi tsafta.

Tambaya ta biyu ita ce hayar Opebi, wadda tun farko da sunan Alhaji aka rubuta ta, kuma a ciki an ce gidan na zama ne kawai. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ba ta aiki a Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island amma tana aiki a Opebi, ta sa cikin wajiban ɗan haya kada ya miƙa gidan ko ya ba wani haya ba tare da yardar mai gida ba. Lauyoyi suna iya jayayya cewa baƙon kwana uku ba ɗan haya ba ne, izinin shiga kawai aka ba shi, amma wannan jayayya ba za ta goge sharaɗin da ya ce gidan na zama ne ba. Gaskiyar magana, watanni da dama harkar tana tafiya ne bisa kawar da kai na dillalin da ya haɗa su, mai ginin bai san ainihin abin da ake yi ba. Da aka je masa da gaskiya, dattijo ne ɗan fansho, bai ƙi ba, amma ya ƙara kuɗin haya, kuma ya ce shi ba zai ba kamfanin da bai shekara ba gidansa sai wani mai nauyi ya tsaya masa. Lauyar ta gargaɗi Alhaji cewa takardar tsayawa ƙofa ce da yake buɗewa da hannunsa a jikin katangar da ya gina, ta kuma nemi a sa mata iyaka, mai ginin ya ƙi. Alhaji ya duba kuɗin da ya riga ya zuba a gyaran fulat ɗin, ya sa hannu. A lokacin na ga kamar ba shi da wani zaɓi, kuma har yanzu ban tabbata yana da shi ba.

Buɗe asusun banki ya ɗauki lokaci fiye da rajistar, saboda bankin ya nemi takardar shaidar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin hukumar EFCC mai sa ido kan sana'o'in da ake iya halatta kuɗin haram ta cikinsu, kuma harkar masauki da ta gidaje suna cikin jerin. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta kuma haramta karɓar tsabar kuɗi da suka wuce naira miliyan 5 ga mutum ko miliyan 10 ga kamfani ba ta hanyar banki ba. Kuɗin kwanan baƙo bai kai nan ba, amma wajibcin sanin wanda aka saukar yana nan, shi ya sa aka kafa ƙa'idar cewa ba a ba kowa makulli sai an ga katin shaidarsa. Mutanen Legas ba su manta da kisan da aka yi wa wani shugaban gidan talabijin a irin wannan masauki a Lekki a watan Yunin 2021 ba, kuma tun daga lokacin ƙungiyoyin mazauna unguwanni da dama suke kallon sana'ar da ido ɗaya. Wahalar ita ce abokan Alhaji na shekaru, waɗanda suke jin an raina su idan yaro ya ce su kawo kati, ko ya ce su tura kuɗin asusun kamfani maimakon na Alhaji da suka saba da shi. Mun yi kusan wata uku ina mayar da kuɗaɗen da suka ɓace hanya zuwa asusun da ya dace, ina rubuta dalili a gefen kowane ɗaya, domin kamfanin da aljihunsa da na mai shi suka zama ɗaya yana ba lauyan abokin hamayya hujjar cewa kamfanin riga ce kawai.

A ɓangaren haraji, abin da ya ba su mamaki ba na tarayya ba ne. A dokar da take aiki a lokacin, kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin riba, kuma ba a ɗora masa karɓar harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ba, sai dai dole ya miƙa bayanan shekara ga hukumar harajin tarayya ta FIRS, ya kuma miƙa na CAC. Wanda ba su san da shi ba shi ne harajin kashi 5 cikin 100 da Jihar Legas ta ɗora tun 2009 a kan kwanan otal da cin abinci a gidajen abinci, wanda ya haɗa da gidajen hayar 'yan kwanaki. Baƙo ne yake biyansa, amma mai masauki ne zai karɓa ya miƙa wa hukumar harajin jihar, wato LIRS, kowane wata, idan kuma bai karɓa ba daga aljihunsa zai fito. Ƙanen ya ji tsoron ƙarin zai kori baƙi, musamman bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya riga ya tilasta musu ƙara farashi saboda janareta, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, ya tashi zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. Baƙin ba su gudu ba. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun sauya alƙaluman tarayya, amma wannan ya zo ne bayan abin da ya gwada tsarin.

Gwajin ya zo a watan Disamban 2024, lokacin da Legas take cika da masu dawowa hutu daga ƙasashen waje kuma ba a samun masauki a banza. Wasu baƙi da suka zo ta intanet sun buɗe famfon banɗaki da safe suka tarar babu ruwa, suka fita ba su rufe shi ba. Da rana mai gadi ya kunna injin jan ruwa, tanki ya cika, ruwa ya yi ta zuba har dare. Ya ratsa daɓe ya sauka fulat ɗin ƙasa, silin ya rufto a falo, talabijin da kujeru da kafet na maƙwabcin suka lalace, wayoyin wutar ginin ma suka jiƙe. Kuɗin jingina da ake karɓa daga baƙi saboda ɓarna bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na asarar ba, su kuma baƙin sun hau jirgi bayan kwana biyu.

Wasiƙu biyu suka zo a mako ɗaya, kuma bambancin makomarsu shi ne gundarin wannan nazari. Ta farko daga lauyan maƙwabcin ce, an rubuta ta da sunan Alhaji, ana neman diyyar kaya da kuɗin otal da iyalin suka zauna. Lauyar ta amsa da cewa wanda yake riƙe da fulat ɗin kamfani ne, ta haɗa da kwafin yarjejeniyar haya, da rasidin da aka ba baƙin da sunan kamfanin, da shaidar cewa kuɗinsu asusun kamfanin suka shiga. Da a ce Alhaji ko ƙanen ne ya bar famfon da hannunsa, kamfani ba zai kare shi ba, domin mutum yana ɗaukar alhakin sakacin kansa ko da darakta ne. Amma a nan babu wannan. Lauyan maƙwabcin bai ɓata lokaci ba ya mayar da buƙatarsa kan kamfanin, inda aka tarar da inshorar alhakin ɓarna ga wasu, wadda aka yi a tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, bayan doguwar muhawara a gida kan halaccinta. Ita ta ɗauki mafi yawan diyyar, kamfanin ya cika saura daga ribar Disamba. Ya kamata a lura cewa ba rajistar ce ta biya maƙwabcin ba. Rajistar ta nuna ƙofar da zai ƙwanƙwasa ne kawai, kuma da babu inshora, abin da zai samu shi ne kujeru da gadajen kamfanin, harkar kuma ta mutu tare da gadon ƙanwar.

Wasiƙa ta biyu daga mai ginin ce, yana neman gyaran daɓe da silin da wayoyin wuta, da kuɗin hayar watannin da ya ce dole ya yafe wa maƙwabcin. Shi bai tsaya jiran kamfani ba, takardar tsayawar ya ɗauko. Inshorar ba ta shafi ginin da kamfanin yake haya a cikinsa ba, an bar wannan a baya don rage kuɗin shekara, kuma ina cikin waɗanda suka ga ragin ya dace. Alhaji ya tambayi lauyar: "Barista, to ina amfanin kamfanin da muka sha wahalarsa?" Ta nuna masa wasiƙar farko da ta wuce shi ba ta taɓa shi ba, sannan ta nuna masa sa hannunsa a ƙasan ta biyu. Ya biya daga aljihunsa bayan an zauna an rage adadin, kuma da yake wanda ya biya wa wani bashi yana da haƙƙin bin sa, aka rubuta kuɗin a littafi a matsayin bashin da kamfanin zai mayar masa kafin a sake raba riba. Ƙanen ya so a bar shi a matsayin asarar Yaya, tun da shi ya sa hannu. Ƙanwar ce ta ce daga Zariya ba ta yarda ba, harkar ta su uku ce, ɓarnar ma ta su uku ce.

Da lokacin sabunta haya ya zo a 2025, kamfanin yana da tarihin biyan kuɗi a kan kari da bayanan asusu na shekara, abin da ba shi da shi a karon farko. Mai ginin ya ƙi cire sharaɗin tsayawa gaba ɗaya, amma ya yarda a iyakance shi ga kuɗin hayar shekara ɗaya, bisa sharaɗin kamfanin ya faɗaɗa inshorarsa ta haɗa da jikin ginin, ya kuma sa makullin ruwa na fulat ɗin a waje inda mai gadi zai iya kaiwa. An kuma rubuta yarjejeniya tsakanin 'yan'uwan uku cewa duk mai son sayar da hannun jarinsa sai ya fara tallata wa sauran, idan kuma ɗayansu ya rasu, kamfanin zai ci gaba, hannun jarinsa ya shiga cikin abin da za a raba wa magadansa bisa shari'a. Maganar fulat na uku a Lekki, wadda ƙanen yake ta matsawa a kai, an dakatar da ita har sai ƙungiyar mazauna unguwar ta ba da amincewarta a rubuce, kuma Alhaji ya ce idan mai wancan gidan ma ya nemi a tsaya masa ba tare da iyaka ba, a nemi wani gidan.